Ranar da Sakata Ta Koma Ciki

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare aka kai yayana wani gida a Bukan Sidi. Maganin tari ne ya cinye shi, har ya sayar da babur ɗin da yake acaɓa da shi. Da asibiti suka sallame shi, Mama ta ce ba zai dawo unguwa ba, don abokan shansa suna nan a bakin titi. Gidan na wani tsohon ma'aikacin asibiti ne, kowa Baba yake ce masa. Samari takwas ya tara, suna girki tare, suna noman rogo a bayan gida.

Ni nake kai wa Yaya abinci ranar Asabar. Ban iya kallon mutane a ido ba, saboda haka ƙofofin na fi sani. Koren fenti gare su, kowace da sakata ta waje da kwaɗo. Duk lokacin da Baba zai fita kasuwa, sai ya kulle su. Wannan kwaɗon ne ya kwantar wa Mama da hankali.

Wata Asabar na tarar da kafinta yana kwance sakatun yana mayar da su ta ciki. Yaya ne ya yi mini bayani: akwai ƙungiyar masu irin waɗannan gidaje, tana ba da takardar shaida ga wanda ya yarda a zo a duba shi. Sharaɗinsu ba sa mari a ƙafa, ba bulala, kuma ba a kulle kowa ta waje.

Na gaya wa Mama. Washegari ta yafa gyale ta nufi gidan Baba, na bi ta a baya.

"Baba, gwamnati ce ta tilasta maka?"

"Ba wanda ya tilasta mini, 'yata. Ni na rubuta musu da hannuna."

"To takarda ce za ta tare shi in ya nufi tasha?"

"Ba za ta tare shi ba. Amma wanda kwaɗo ya hana sha, ran da aka buɗe zai koma. Ni kuma na tsufa da riƙon makulli."

Wani dogo da ke wanke tukunya ya sa baki: "Mama, ko an buɗe ina za mu? Waken Baba ya riƙe mu."

"Kai dama ci ya kawo ka," in ji Baba.

Mama ba ta yi dariya ba. Muka fito muka hau keke napep.

Masu dubawar sun zo, mata biyu da namiji. Sun gana da kowane saurayi shi kaɗai, sun duba idon sawunsu ko akwai tabon ƙarfe. Daga baya na ga takardar a firam kusa da randa, a ɗan karkace.

Wata Laraba aka tashe mu daga makaranta, sai ga Yaya a bakin get, cikin riga mai karin guga. Na ɗauka gudowa ya yi.

"Auta, kawo jakar."

Muka taka a ƙasa. Ya tambaye ni lissafi, na amsa ina kallon silifas ɗinsa. Da muka zo inda abokansa suke zama, ɗaya ya ɗaga murya: "Oga, an sako ka ke nan? Zo mana." Yaya ya ɗaga musu hannu, bai tsaya ba. Na ga yadda ya damƙe igiyar jakata har jijiyoyin hannunsa suka fito.

A bakin layinmu ya miƙo mini jakar.

"Yaya, ba za ka shiga ba? Mama ta dafa doya."

"Na ce wa Baba zan dawo kafin la'asar. Ki gaishe ta."

Ya juya ya nufi Bukan Sidi. Na tsaya har ya ɓace a cikin masu acaɓa. Da na gaya wa Mama, sai ta zauna a kan turmi, ta tambaye ni ko ya rame.

Ya riƙa zuwa duk Laraba har ƙarshen zangon karatu. Bayan shekara ya samu aiki a motar da ke kai doya kudu, can ya zauna, can ya yi aure. Muna waya yanzu, gaisuwa ce da tambayar yara, sai shiru. Sau da yawa nakan so in tambaye shi ko yana tuna tafiyar nan daga get zuwa bakin layi, amma har yau kunyarsa nake ji.