Bijimin da Bai Sauko Daga Dutse Ba

Muktar mahauci ne a kasuwar Roumdé Adjia da ke Garoua, ɗan mahauci, jikan mahauci, sai dai bakinsa ya fi wuƙarsa aiki. Saniya ba ta wuce gabansa bai faɗi nauyinta da rugar da aka haife ta ba. Fiɗa kuwa, ya daɗe da barinta ga wasu.

Da sarkin pawa ya ce zai sauka bayan Babbar Sallah, Muktar ya sa wa kujerar ido. Dawuda, mai teburin da ke kusa da nasa, shi ma yana so. Sai Muktar ya miƙe a gaban mahauta ya rantse zai kawo bijimin da Garoua ba ta taɓa gani ba. In bai kawo ba, a ba Dawuda. Wani direba ne ya ba shi labarin mutanen dutse, can bayan Mokolo dab da iyakar Najeriya, masu toshe maraƙi a ɗaki su yi shekaru suna ɗura masa abinci.

Ya yi hayar babbar mota. Hanya ta ƙare a gindin dutse, ya hau babur. Ta babur ma ta ƙare, ya naɗe babbar riga ya kama hawa da rarrafe, yana zagin duk wanda ya fara gina gida a nan. Garin bukkoki ne masu tsinin kai, maƙale tsakanin duwatsu, gonakin dawa hawa-hawa kamar matakala.

Mai bijimin, Théodore, gadonsa ya yi. Tsohonsa ya turke shi don bikin gargajiya, shi kuwa ya koma coci, sayarwa zai yi. Matarsa Germaine ce ke zuba wa bijimin dusa ta wata 'yar kafa a bango. Muktar ya zura hannu ta kafar, ya ji yatsunsa sun nutse a kitse.

"Alhaji, bari in faɗa maka yadda..." in ji Théodore.

"Kai, ɗan dutse, na san sa tun ba a haife ka ba. Fasa bango!"

Ya biya, aka fasa. Bijimin ya fito yana ƙifta ido, bai taɓa ganin rana ba. Kofatansa sun yi tsawo sun lanƙwashe sama. Ya ɗan taka, ya durƙushe. Aka ja, aka tura, Muktar ya murɗe masa wutsiya har rawaninsa ya warware. Ko gezau.

"To ku yaya kuke saukar da shi?"

"Saukarwa? A kafaɗa ya hau yana maraƙi, Alhaji. A nan ake cinye shi."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Ka ce ka san sa," in ji Germaine daga bakin murhu.

Rana ta take, bijimin ya soma haki, harshe waje. Kafin ya zama mushe, dole Muktar ya zare wuƙa. Garoua da nisa, naman ba zai isa da kyau ba. Garin ya ci har ya kai wa dangi a tsallaken iyaka. Germaine ta ce Allah ya maimaita musu baɗi.

Ƙahoni Muktar ya sauko da su don shaida, ya dire su a gaban sarkin pawa. Shanun dutse kuwa gajerun ƙaho ne da su.

Tsohon ya juya su a tafin hannu. "Ɗana, wannan na akuyar wa?"

Aka naɗa Dawuda.

Muktar na nan kan bencinsa. Kowace shekara bijimin ƙara girma yake a bakinsa, bana ya kai giwa. Ƙahonin da ya rataya a ƙusa ne kawai suka ƙi ƙaruwa.