Sojan da Ke Durƙushe a Bayan Igwa

Shekara goma sha ɗaya teburina yana kusa da na Orval Pruitt a kasuwar Asabar ta garinmu, a Kentucky. Ni zuma nake sayarwa, shi kuwa tsofaffin katunan gidan waya. Mutum ne mai wuyar sha'ani. Kunnensa na hagu ya mutu tun yana soja, na daman kuma sai abin da ya ga dama yake ji. Bai taɓa aure ba, wa ma za ta iya da shi?

A 1942 aka koya masa harba wata 'yar igwa mai taya biyu da ƙaramar mota ke ja, wai ta fasa tankokin yaƙi. Ya ce da suka isa Arewacin Afirka, harsashinta sai ya daki tankar Jamus ya faɗi, kamar an jefi bango da tsakuwa. Ya dawo ya yi aikin jirgin ƙasa har ya yi ritaya, amma bai rabu da igwar ba. Duk katin da ya gani da hotonta sai ya saya ya adana a kwalin takalmi. Akwai wanda ya fi yawa a ciki: sojoji huɗu a filin horo, ɗaya a durƙushe yana saiti, masu bugawa sun lafta launi har fuskokin ba sa ganuwa sosai.

Wata Asabar a 1979 sai ga wata malamar makaranta, Lavonne Skaggs, da irin katin nan a cikin leda. Mahaifinta ne ya aiko wa mahaifiyarta, ya ja kibiya da fensir a kan mai saitin, ya rubuta, "Ni ne nan." Tana cikin uwarta ya mutu a yaƙi, daga baya gidansu ya ƙone, hotonsa ke nan da ya rage. So take ta samu wanda bai koɗe ba, ta kai a faɗaɗa mata ta ga fuskar ubanta.

Ni kuwa na san abin da ke cikin kwalin. Na taka masa ƙafa, na ce, "Orval, ai ba ka da irinsa, ko?"

Ya ce, "Ke Opal, ɗauke ƙafarki, ki ji da zumarki."

Ya jera mata guda tara a kan tebur. Kowanne da kibiya a kan mai saitin, kowanne da hannu daban: Ni ne nan. Ga ɗanki. Kin gane ni?

Ya ce, "'Yata, a kantin bariki ake sayar da shi. Na ƙarshen nan nawa ne, ni na aika wa tsohuwata. Mai saitin nan babu wanda ya san shi."

Wallahi ji na yi kamar in juye masa kwalbar zuma a ka. Matar ta daɗe tana kallon katunan.

Can ta ce, "Ƙarya ke nan ya yi mata, Baba?"

"Ƙarya kuma? Ba mu da abin ɗaukar hoto. So muke na gida su sami inda za su ɗora ido, shi ke nan."

"To yaya kamanninsa suke?"

"Ban sani ba. Miƙo katin." Ya zaro shi daga ledar, ya juya bayansa, ya shafa da babban yatsa. "Kawo hannunki. Kin ji? Ya danne fensirin har kibiyar ta kumburo ta baya. Nawa tara, babu mai haka. Ubanki mai nauyin hannu ne."

Ta ɗora yatsa a wurin, ta rufe ido. Da ta buɗe, hawaye na zuba, ta ce kullum ɗalibanta suna mata tsiya wai tana karya alli a kan allo.

Orval ya tattara nasa ya rufe kwalin. Ita kuwa ta tafi da nata a hannu, ta manta ledar a kan teburina.