Ranar da Na Cire Oga Daga Fili

Har yau in an ɗauki sabon ma'aikaci a ofishin nan, kafin a nuna masa inda ake dafa shayi sai an nuna masa ni, a ce, "Ga wadda ta cire Oga daga fili." Wasu da yabo suke faɗa, wai ni jaruma ce. Wasu kuma su ce rashin kunyata ne ya zubar mana da kofin gasa. Duk sun kuskure. Ba jarumta ba ce, kofin kuma dama ba da ƙarfinmu muka kusa ɗaukarsa ba. Ranar ba ta taɓa fita raina ba, don haka bari in faɗa da bakina kowa ya huta.

Bazarar 1976 ce, shekarar da Landan ta yi zafi har ciyawar filaye ta ƙone. Ga waɗanda ba su sani ba, aikin ofishinmu shi ne saya wa 'yan kasuwa da 'yan kwangila na gida kaya: janareto, famfon ruwa, ƙarafan gini, duk abin da aka nema. Oda takan zo daga Kano ko Legas, mu nemi farashi wurin kamfanoni, Janar Manaja ya zaɓi ɗaya, a duba kayan a sito, sannan a loda a jirgin ruwa. Lokacin kuɗin mai na ambaliya a gida, duk Baturen da ke da abin sayarwa ya san hanyar ofishinmu a Stratford. Ni kuwa mai buga tafireta ce, ƙasan kowa a muƙami, ina cikin watanni shida na gwaji. Sai Janar Manaja, Alhaji Garba, wato Oga, ya sa hannu za a tabbatar da ni. In bai sa ba, yayana da nake zaune a flat ɗinsa a Woolwich ya riga ya yanke hukunci: gida zan koma.

Ciwona shi ne bezbol. Wata malama Ba'amurkiya ce ta koya mana a sakandare, ya shiga jinina. Wasan ba wuya: ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya buga da sanda, ya ruga ya zagaya kusurwa huɗu ya dawo gida, maki ɗaya ke nan. Mai bugu in ya kuskure sau uku ya fita. A Landan nakan sayi jaridar Amurka don shafin wasanni kaɗai, in karanta a tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, in iso ofis ina faɗa. Musamman in an shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale na ƙarshen kaka, ba manajan ƙungiyar da ban kora ba daga kan kujerata. Ra'ayina ɗaya ne, kuma kowa ya haddace shi dole: manajan da ke jin kunyar cire mai jifa in ya gaji, ba manaja ba ne, ɗan rakiya ne.

Malam Iro, babban akawunmu, yakan ce, "Uwani, mutanen nan sun san kina korar su kuwa?"

In ce, "Da sun sani da sun gyara, Malam."

To a bazarar nan sai kamfanonin Amurkawa da muke saye a wurinsu suka shirya gasa a wani fili cikin gari, irin bezbol mai sauƙi da ake jefo ƙwallo ta ƙasa-ƙasa. Suka gayyace mu. Tunda ni kaɗai na san dokokin, Oga ya kira ni.

Ya ce, "An ce ke ce malamar abin. Ke ce manaja."

Na ce, "Ranka ya daɗe, da sharaɗi. A fili maganata ce magana."

Ya kalli Malam Iro ya yi dariya. "Ka ji 'yar gwaji da sharaɗi. Na yarda. Amma ni zan yi jifa."

Nan ma na fara faɗuwa, don ban hana shi ba. Jerin masu bugu ma ba ni na tsara ba, muƙami ne ya tsara. Oga farko, sai mataimakinsa, sai Malam Iro, haka har ƙasa, kamar za a shiga cin abinci. Na ce a sa Bala na sashen kaya a gaba, tunda shi ne mai ƙarfi, yana wasan ƙwallon ƙafa duk Asabar. Malam Iro ya ce, "Bala ya buga kafin Alhaji? A garinku haka ake yi?"

Jifan Oga kuwa, Allah ya ba shi haƙuri, kamar mai watsa wa kaji tsaba. Ƙwallo ta taso a hankali, kana iya gyara hula kafin ta iso. Amma abin mamaki, muka ci wasan farko. Ƙartin Amurkawa suna kai sanda suna dukan iska. Muka ci na biyu. Muka ci na kusa da ƙarshe. Ni kuwa kaina ya kumbura. Ina tsaye bakin fili da zani da kambas, ina ɗaga hannu, "Bala, matsa hagu! Malam Iro, baya!" Na tabbata tsarina ne ke aiki. Har na bayyana wa yayana cewa jifa a hankali dabara ce, tana rikita wanda ya saba da sauri. Ya ce in miƙo masa gishiri.

Wasan ƙarshe da kamfanin masu janareto muka yi, ranar Lahadi da rana tsaka. Shugabansu wani dogon Ba'amurke ne da ke zarya ofishinmu yana neman oda. Matan ma'aikata sun zo da shinkafa da kaji, yara na ihu da Turanci. Muna gaba da maki kaɗan, saura zagaye biyu, sai suka fara samun ƙwallon Oga. Wannan ya buga, wancan ya buga, tazara ta dawo maki ɗaya. Oga ya jiƙe da gumi, yana riƙe ƙugu.

Nan zuciyata ta rabu biyu. Ɗaya na cewa, Uwani, mutumin nan shi zai sa miki hannu ƙarshen wata. Ɗayar na cewa, shekara nawa kina zagin manajoji kan wannan abin? Malam Iro ya hango ƙafata ta motsa, ya baro wurinsa a fili da gudu ya riƙo bakin gyalena.

"Ina za ki?"

"Zan canza mai jifa."

"Ke! Gaban Turawa? Gaban matarsa?"

Na fizge na shiga. Na tsaya gaban Oga na miƙa hannu.

"Ranka ya daɗe, ƙwallon."

"Me?"

"Ka gaji. Bala zai karɓa."

Ya dube ni sama da ƙasa. Sannan ya ɗora mini ƙwallon a tafin hannu ya ce, "Maganarki ce magana," ya tafi inuwa ya zauna.

Bala ya yi jifa mai kyau, wallahi, da sauri kuma a saiti. Na farko da ya jefa, dogon nan ya aika ta bayan bishiyoyi. Na biyu sai da wani mai yawo da kare ya dawo mana da ita. Mutanen da ɗazu suke dukan iska, yanzu ba wanda ya kuskure ko sau ɗaya. Na daina ƙirga maki. Malam Iro da ke can baya ya gaji da gudu ya zauna a ƙasa ya cire takalmi.

Da aka tashi, dogon ya zo ya gaishe ni, fuskarsa duk damuwa, ba kamar wanda ya ci kofi ba. Ya rage murya ya ce da Turanci, me ya sa na cire Alhaji? Ai sun shirya su faɗi da maki ɗaya, sun ɗan buga ne don kada abin ya yi muni. Da Alhaji ya fita, yaransa suka ɗauka wasa ya koma na gaske, ya kasa tsayar da su.

Ashe duk ɗaga hannun da nake yi, da "matsa hagu" da "koma baya", iska nake juyawa. Ba wanda zai doke mai sa hannu a oda. Ni kaɗai ce a filin nan nake buga bezbol.

Ranar Litinin Oga ya kira ni. Na shiga na rusuna na fara ba da haƙuri.

Ya ce, "Tsaya. Kin ɗauka ban san jifana ba? Jikata za ta buga ƙwallon nan."

"To, ranka ya daɗe, me ya sa…"

"Kallonsu nake. Mutumin da zai kuskure ƙwallona sau uku, ya buga ƙafa kamar ya ji haushi, shi ne zai sa tsohon inji a akwati ya shafa masa fenti. Wanda ya fi iya faɗuwa, kayansa sau biyu nake sa a buɗe. Saura dogon nan in ga ƙarshen gwanintarsa, kika zo kika miƙa mini hannu kamar mai karɓar kuɗin mota."

Ya ce bai kore ni ba, don shi ya yarda da sharaɗin. Amma Hajiya matarsa ta gani, Turawa sun gani, kuma ofis ofis ne. Ya ƙara mini wata uku na gwaji. Yayana ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata, sannan ya ce in wata ukun suka cika ba sa hannu, shi da kansa zai yi mini booking ɗin jirgin komawa gida. Allah ya sa aka sa hannun.

Ku sababbi, abin da na ɗauka ke nan. A aikin nan muddin kai ne mai saye, ba wanda zai gaya maka gaskiya. Za a yi dariyar barkwancinka, a yabi Turancinka, a kuskure ƙwallonka. In ka ga komai na tafiya sumul, kada ka yi saurin cewa iyawarka ce. Kuma dattijon da ka ga kamar bai san ana yi masa wasa ba, bar shi, wataƙila shi ke kallon kowa.

Ni dai yanzu na gaji da tafireta. A takarda kowane janareto sabo ne. Na gaya wa Malam Iro sito nake son komawa, ya ce aikin sito ba na mata ba ne, ga sanyi ga ƙartin 'yan dako. Na ce na ji. Gobe da safe zan shiga wurin Oga in roƙi ya mai da ni sashen duba kaya, a ba ni ƙarfen ɓalle akwati. Wannan karon sai na ƙwanƙwasa ƙofa tukuna.