Ruwan Zafin da Ya Ɓata Hanya

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa, na tattara ɗan abin da aka sallame ni da shi na sayi wani tsohon gida a unguwar Dutse Uku da ke Jos, irin ginin zamanin haƙar kuza, mai kaurin bango da rufin kwanon da tsatsa ta gama cinyewa. Niyyata in gyara shi in zuba 'yan haya.

Wani maƙwabci ne ya haɗa ni da mai aikin famfo da ke da rumfa a Tina Junction, wani ƙato mai dariya kamar tsawa. Duk abin da ka tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: "Oga, ba matsala." Na ce masa ina son hita a banɗaki, domin a sanyin Jos gidan da ke da ruwan zafi ba ya kwantai. Ya fasa bango, ya binne bututunsa, mai tayil ya zo ya rufe komai tsaf. Gida ya fito kamar amarya.

Ranar da za mu gwada ruwan, sai ga masu neman haya sun zo duba gida: wani dattijon fasto mai farin gilashi da matarsa, mace mai kaifin ido, wadda tun daga ƙofa take ƙwanƙwasa bango da yatsa. Na ja su banɗaki ina ta fankama.

Mama, matar faston, ta murɗa shawa, ta tara hannu, ta yi tsalle baya. "Wayyo! Malam, ƙanƙara kuka sa a tanki?"

"Mama, ba matsala," in ji mai famfo. "Hita yana ɗaukar zafi ne."

Muna jiran hita, Baba fasto ya danna mariƙin masai don ya gani ko yana aiki. Ruwa ya zubo, sai ga tururi ya turnuƙe, har gilashinsa ya yi hazo. Ya cire, ya goge da gefen rigarsa, ya sake leƙawa.

"Malam, a nan ake dafa shayi?"

Na juya ga mai famfo. Ya daɗe yana sosa ƙeya, sannan ya ce, "Oga, ai ka ga ruwan zafin ya zo. Hanya ce kawai ya ɓata."

Na ce sai an fasa bango an gyara. Abin mamaki, Baba ne ya hana. Ya ce shi da gwiwoyinsa sun daɗe suna fama da sanyin asuba, wannan kuwa albarka ce ta zo har gida, kada a taɓa. Mama ta harare shi ta ce, "To kai ka zauna a kai, ni kuma in yi wanka da ƙanƙara?" Nan aka shiga gardama, har suka manta ba su kama gidan ba tukuna.

Mama ce ta yi nasara. Amma mai famfo ya rantse ba zai fasa tayil mai kyau haka ba. Ya hau silin da sifana, muka yi ta jin ƙwanƙwasa, ya sauko fuska duk yanar gizo, ya ce ya sauya bututun daga sama. Masai ya huce, shawa ta yi zafi. Sai dai a kicin da wurin wanke hannu, jan famfo ya koma ba da sanyi, shuɗi kuma zafi. Mama ta ce wannan da sauƙi, za su saba. Suka tare.

Bayan wasu watanni na leƙa gaishe su, la'asar ta same ni a can. Mama ta ɗauko mini butar da take ajiye wa baƙi, na nufi famfo, na murɗa shuɗi da ƙarfin hali, na tara hannu. Ihun da na yi har kajin maƙwabta sai da suka watse.

Daga falo na jiyo muryar Baba, ko tashi bai yi ba: "Malam, ja ake buɗewa a gidan nan."