Rawanin da Malam Maude Ya Ƙi Naɗawa

Waɗanda suka san Safana tun ana zuwa kasuwar Batsari a kan jaki ba za su manta da Malam Maude ba. Gajere ne, mai tsinin gemu, ba shi da yawan fara'a. Da damina yana gonarsa ta gero, da rani yana zaure yana biya wa magidanta littattafai. A al'adar lokacin, ɗalibi ba ya ɗora wa kansa rawanin malanta. Sai ya sauke littattafai, a tara malamai, a yanka bijimin sa, malaminsa ya naɗa masa a gaban jama'a. Daga ranar, duk fatawar da ya bayar da sunan malaminsa ake karɓarta.

Wajen 1953 wasu makarantu suka tsiro a garuruwan bakin layin dogo. Mutum ya tafi cin rani, ya dawo da takarda mai hatimi, wai ya ƙare fiƙihu da shari'a. Da abin ya ishi En'e, wato hukumar gargajiya, sai ta yanke cewa ba za a ɗauki mai irin wannan takarda aikin muhuti, wato mataimakin alƙali, ba, sai wani sanannen malamin gunduma ya naɗa masa rawani.

Cikin masu takardar har da Sammani, ɗan farin Malam. A gaban uban nasa ya yi karatu, ya wuce tsarki da salla da azumi, amma bai taɓa babin gado ba. Kawunsa Barau, mahauci a Batsari, shi ya kai shi makarantar, shi kuma ya jiyo ana neman muhuti. Ya zo zaure, aka gaisa har aka gaji, sannan ya kwance ƙunshi.

"Malam, ga rawanin harsa daga Kano. Sa kuma yana ɗaure a gidana, ƙato. Hannunka kawai ya rage."

"Hannuna na nan, Barau. Yaron ne bai iso ba."

"Bai iso ina ba? Hatimi biyu ne a takardar nan, na boko da na Arabiyya!"

"Naman da kake sayarwa ma duba-gari na buga masa hatimi. Ka taɓa jin ya sa tsohuwar saniya ta yi taushi?"

Barau ya ƙyalƙyale da dariya. "Wannan tsakanina da masu haƙora ne. Amma Malam, ɗanka ne fa."

"Shi ya sa. Gobe marainiya ta zo rabon gado ya tauye ta, a ce ɗalibin Maude ne."

A cikin gida, matar Malam, Hansai, ta dire masa akushi ta ce, "Kowa na tura nasa gaba, kai kana riƙe ƙafar naka." Malam ya jawo akushin ya fara ci.

Barau bai haƙura ba, domin yana da dabara. Ya san Malam mutum ne mai alkunya, tunda aka haifi Sammani bai taɓa kiran sunansa ba, balle ya yi zancensa cikin mutane. In aka tara jama'a aka miƙa masa rawani, kunya za ta rufe masa baki, ya naɗa shiru. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Malam ya tarar da ƙofar gidansa cike. An yanka sa, malamai sun zo har daga Ruma, Sammani na zaune a kan buzu cikin farar riga.

Barau ya durƙusa ya miƙa harsa. Malam ya karɓa. Ya tsaya riƙe da rawanin, bai dubi buzun ba.

"Jama'a," ya ce, "ku ci nama, halal ne, Barau ya iya yanka. Amma Sammani bai sauke ba."

Har tsofaffi suka sunkuyar da kai, don ba su taɓa jin sunan a bakinsa ba.

"Ni na koyar da shi, na san inda ya tsaya. Ranar da ya ƙarasa, ko ina kwance a ɗaga ni in naɗa. Yau kam a'a, ko Bature Razdan ne ya aiko."

Ya mayar wa Barau harsarsa, ya shige zaure.

Aikin muhuti wani aka ba. Hansai ta yi yaji, ba ta dawo ba sai bayan an yi girbi. Sammani ya tafi Funtuwa ya kama awon auduga, yana zuwa gaisuwar salla, amma bai sake buɗe littafi a gaban uban ba. Wasu ɗalibai suka janye, suka koma inda rawani ke da sauƙi.

Da tsufa ya kama Malam, liman ya taɓa tambayarsa ko yana nadama, tunda ya rasa magajin zaure.

"Zauren ya rufe in ya ga dama," in ji shi. "Yaron yana can yana awo, kuma ya iya awon. Ko yau aka sake taro, abin da na faɗa shi zan faɗa."