Jirgin da bai ɗauko Habibu ba

Shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar aminina Habibu, kuma har yau ban gamsu da labarin da aka ba ni ba.

Ɗaki ɗaya muka zauna a Guangzhou a ƙarshen shekarun casa'in. Ni ina sarin tufafi a kasuwar Shahe ina aikawa Kano. Shi kuwa ya gama jami'a, Sinanci ya zauna a bakinsa, sai wani mai fataucin busassun kayan teku ya ɗauke shi tafinta. Laoban muke ce wa mutumin, wato maigida. Shi ya tafi da Habibu sayen kaya wani ɗan tsibiri a tekun Fasifik. Bayan sati uku ya dawo shi kaɗai.

Zazzaɓi ne, in ji shi. Asibiti yana can babban tsibiri, tafiyar yini guda a jirgin sama, Habibu ba zai kai ba. Na tambayi takardar likita, ya ce, "Mei you," wato babu. Hoton kabari fa? Babu. Amma buhunan kayan Laoban sun iso lafiya lau, ta wannan babban tsibirin.

Na haɗiye maganar. Bizata ta kusa ƙarewa, ban kuma san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba. Na buga wa Hajiya, mahaifiyarsa, waya na maimaita mata labarin kamar a gabana aka yi.

Bara 'yarsa Rukayya, wadda ya bari a goye a Kano, ta zo shagona. Ta ce, "Baba, faɗa mini sunan tsibiran nan." Na faɗa. Ta rubuta a wayarta ta miƙo mini. Tsakanin filayen jirgin biyu, awa ɗaya ce da 'yan mintoci.

"Baba, ka taɓa dubawa?"

Ban taɓa ba. Tsoron amsar nake yi.

Na san waya ba ta faɗin komai da komai. Ba ta ce ko a wancan zamanin jirgin kullum yake zuwa ko sati-sati ba, ko iska ce ta hana shi sauka. Da Habibu na raye, ita ma wayar sai ya tuhume ta. Mutum ne da ko direban tasi ya ce hanya ta toshe, sai ya sauka ya leƙa da idonsa. Irin wannan mutumin muka karɓi mutuwarsa da ka.

Laoban ya rufe shago tuntuni, ban san inda ya shiga ba. Hajiya ta rasu tana sa wa ɗanta albarka. Abin da ya rage na Habibu shi ne halin nan nasa, yana jikin 'yarsa. Ta rubuta wa hukumar tsibirin wasiƙa uku tana tambayar wanda ya binne wani baƙo Musulmi, ba amsa. Yanzu ta yi fasfo, ta ce in raka ta. Na ce to.

Allah ya jiƙan Habibu, ni kuma ya yafe mini shirun da na yi.