Kofunan Bikin 'Yar Fari

Injin buga kofi biyu ne suka shigo unguwarmu a rana ɗaya, nawa da na ƙawata. Ranar da muka gama ajin yaƙi da jahilci aka ba mu, mu da muka zaɓi wannan sana'a maimakon ɗinki. Aikin ba shi da wuyar faɗa. Ana buga hoto a wata takarda ta musamman, ki naɗa ta a jikin farin kofin tangaran, ki manne da salatif, ki sa a bakin injin ki danne mariƙi. Zafi ne ke kwashe tawadar daga takardar ya shigar da ita jikin kofin. In injin ya yi ƙara ki fitar, ki ɓare takardar, ki ga abin da Allah ya ba ki.

Shago ɗaya muke kai hotuna a buga mana takarda, can kan hanyar Kusugu. Kwalin kofuna ɗaya muke rabawa in an kawo daga Kano. Lambar zafi da ta lokaci ma a littafina ta kwafa, don a aji ni ce mai tsabtar rubutu, ita kuwa surutu ne nata. Amma nata kofunan su fito ja ya yi ja, baƙi ya yi baƙi, tun daga baki har gindi. Nawa sama lafiya lau, sai an gangaro ƙasa kala ta koɗe, kusa da hannun kofin kuma ya yi dabbare-dabbare kamar ruwa ya ɗiga a kan lallen da bai kama ba. Na kan ce wa kaina kowa da rabonsa. Sai dai in na ji sallamar masu biki ta wuce ƙofata ta tsaya a tata, na kan bar abin da nake yi na kasa kunne.

Duk wannan ina iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini shi ne zancen yarinyar nan.

Ita ce ta fari a wurina. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yabonta a gaban mutane ba, ban taɓa ɗora ta a cinya ana kallo ba. Haka na ga tsohuwarmu ta yi da yayarmu, haka na yi. Ƙawata kuwa, wadda ƙofar gidanta ke kallon tawa, tun yarinyar na rarrafe ta ɗauke ta. Ita ke mata kitso, ita ta raka ta makaranta ranar farko, ita take gaya wa abin da ba ta gaya mini. Da aka sa ranar aurenta bayan kaka, ba sai an tambaya ba, kowa ya san ƙawata ce uwar biki. Ni aikina in koma gefe, in yi kamar ba a gidana ake yi ba.

Abu ɗaya na ware wa kaina a zuci: kofunan da za a raba wa mata ranar wuni, masu hotonta. Ban gaya wa kowa ba. Na ga wannan dai sana'a ce, babu mai cewa na yi rashin kunya, kuma kowane kofi sai ya bi ta hannuna.

Wata la'asar ina tsince shinkafa, ta zo ta durƙusa gefen tabarma tana wasa da bakin mayafinta.

"Umma, Anti ta ce ta ɗauke miki nauyin kofuna." Haka take kiran ƙawata.

"To."

"Ta ce aiki zai miki yawa."

"To, Allah ya saka mata."

Ta ɗan jira ko zan ƙara wani abu. Ban ɗago ba. Na san ba yawan aiki ba ne. Kwana biyu kafin nan na ga yarinyar ta ɗauki wani kofin gwaji a kan tagata, ta juya shi, ta ga fuskar wata amarya rabi mutum rabi hayaƙi, ta ajiye a hankali. Wace yarinya ce za ta so ƙawayenta su tafi gida da fuskarta a haka? Ban ga laifinta ba. Amma na tsince shinkafar nan sau biyu ban sani ba.

Akwai sauran mako uku. Na karɓo hotonta a wajen mai shagon, na ce ya buga mini takardu kaɗan, ban ce na mene ne ba. Kullum in ta fita ɗinkin anko ko rabon kati, sai in jawo injin.

Na fara da ƙara zafi. Baƙin gyalenta ya koma ruwan ƙasa, gindin kofin yana nan a koɗe. Na mayar da zafin, na ƙara lokaci, sai idanunta suka jagwalgwale kamar ta sha kuka. Na ɗora wa wutar nefa laifi, na ari janareto a maƙwabta, babu abin da ya sauya sai hayaƙi da ya cika tsakar gida. Rannan na yi wata dabara da har yau nake jin daɗinta: na juya kofin na shigar da shi ta ɗaya ɓangaren, in gani ko koɗewar za ta tsaya a gefen injin ko za ta bi kofin. Ta bi kofin. Wato injina lafiyarsa ƙalau. Na zauna ina kallonsa, don da a ce shi ne mai laifin da na fi samun sauƙi.

Kofunan da na ɓata na jera su a ƙarƙashin gado. Fuskarta shida, babu ta nunawa.

Tambaya ce ta rage, kuma bakina ya ƙi. Sai na dama fura na zuba a kwano, na ce bari in kai wa ƙawata, alhali na fi wata ban taka gidanta da hantsi ba. Ina shiga na tarar da fararen kofuna jere a manyan tire biyu a tsakiyar rana, suna ƙyalli har da kashe ido. Raina ya ce, ji burga, sai duk wanda ya shigo ya san tana da aiki.

"A'a, Malama ce da kanta? Yau za a yi ruwa da ƙanƙara!" Haka take kirana tun a aji. "Har da fura? Me kike nema?"

"Sai ina neman wani abu zan kawo miki fura?"

"Ke ɗin? Zauna dai. Matsa can, kar ki tare musu rana."

Na zauna. Ta ɗauko kofi ɗaya daga tiren tana jujjuya shi hannu zuwa hannu saboda ɗumi. Ta buɗe wata tsohuwar kular abinci, ta zaro takarda daga cikin leda, ta mayar da murfin ta rufe gam. Ta naɗa, ta manne sama da ƙasa. Da ta zo danne mariƙin sai da ta miƙe ta sa ƙarfin kafaɗa, har teburin ya yi ƙara.

"Za ki fasa shi," na ce, ban shirya faɗa ba.

"In fasa me? Ke yaya kike danne naki?"

"A hankali."

"Na san za a yi haka. Kofin ma kunyarsa kike ji?" Ta kwashe da dariya. "Ki ɗaure notin injin nan har sai kin ji ya kama ƙugun kofin. In takarda ba ta manne ba ta ina tawada za ta shiga? Tsaya ma, a ina kike ajiye kayanki?"

Na gaya mata. A ɗakin randa nake ajiyewa, kofuna da takardu duka, don nan ne ya fi sanyi a gidan. Ni abin da na sani tun ina yarinya, rana ce ke cin kalar zane, abu mai kala a inuwa ake ɓoye shi. Kuma kowane kofi sai na wanke shi da sabulu na ɗauraye kafin in buga, tunda bakin mutum zai je.

Ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni.

"Ki wanke? Ki kife shi kusa da randa, cikin danshin nan, sannan ki ɗauko shi da sanyinsa ki tura a wuta? Malama! Gindin kofi ya fi ko'ina kauri, kafin ya ɗau zafi lokaci ya cika. Takardar kuma ta sha raɓa ta ƙoshi, shi ne dabbare-dabbaren. Mai kofi ya wanke abinsa in ya je gida, ke goge shi kawai da busasshen tsumma. Shekara guda kina wannan wahalar ba ki tsallako kin tambaye ni ba?"

"Ke ma ai ba ki tsallako kin faɗa ba."

Ta buɗe kwanon furar ta leƙa, ta rufe.

"Kofunan 'yata nake shirin farawa jibi," ta ce.

'Yata. Shekara ashirin ina jin kalmar nan a bakinta ina murmushi. Ranar ban yi ba. Na ce mata na bar tukunya a wuta.

Washegari na shanya kofuna uku a kan tire tun hantsi, na shanya takardun ma na ɗan lokaci na rufe su a leda. Na ɗaure notin har tafin hannuna ya yi ja. Da na danne mariƙin na runtse ido ina jiran ƙarar fashewa. Injin ya yi kukansa, na fitar, na ɓare takardar da tsumma. Ga ta nan. Gyalenta baƙi wuluk har gindin kofin, ɗan tabon da ke haɓarta na faɗuwar da ta yi a bakin rijiya ma ya fito. Babu kowa a gidan, don haka na daɗe ina kallonta yadda ban taɓa yi ba tana gabana.

Da safe na zuba mata kunu a ciki na ajiye a inda take zama, na koma bakin murhu na ba ta baya. Na ji ta ɗauka.

"Umma, Anti ce ta aiko da wannan?"

"A'a."

"To wa ya..." Ba ta ƙarasa ba. Can ta ce, "Akwai wasu?"

"Za a iya yi."

Ta shanye kunun, ta ɗauraye kofin, ta sa hijabi ta fita da shi a hannu. Ban tambaye ta ina za ta ba, ƙarar ƙofar da ke kallon tawa ta gaya mini. Ba a daɗe ba sai ga su tare, ƙawata a gaba tana sababi tun daga zaure.

"Ina mai ƙwacen aiki? Jiya-jiya na koya miki, yau kin kore ni?" Ta ɗaga kofin tana nuna shi ga hasken rana. "Ya yi. Wallahi ya yi. Ke za ki buga su. Amma 'yata ta ce in zo in zauna kusa, kar a samu matsala."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Na ce babu komai.

Kwana uku muka yi. Ni a tsaye gaban injin, zufa har gadon baya. Su biyu a tabarma suna naɗe kofunan da suka huce a jarida, yarinyar ta jingina da gwiwar ƙawata suna ƙus-ƙus suna dariya. In na ɓare takarda sai ƙawata ta miƙo hannu ta duba gindin, ta ce, "Wuce." Ko ɗaya ba ta mayar ba. Na so ƙwarai in daina jin abin da nake ji in na waiwaya na gan su, ban iya ba. Sai na daina waiwayawa, na riƙa kallon wadda ke hannuna.

Ranar wuni ina ƙuryar ɗakin maƙwabta kamar yadda ya kamata, tare da tsofaffi biyu. Ƙawata ce ta raba kofunan a tsakar gidana. Ta katanga ina jin mata suna cewa, "Kai, Hajiya, hannunki dai babu na biyu!" Na matsa kusa da taga don in ji abin da za ta ce musu. Na ji ta ɗaga murya ta fara magana, sai masu kiɗa suka saki lasifika, guɗa ta tashi. Har yau ban san me ta ce ba, kuma ban tambaye ta ba.